Falo Naka, Ciki Nawa

Idan ka bi ta bayan kasuwar Karaye, ka wuce masu injin markaɗe, za ka ga wani gida mai koren fenti da ya soma ɓarewa. Ƙofa huɗu ce a jere a cikinsa, kowacce ciki da falo, ga rijiya a tsakar gida, ga banɗaki biyu. Gida ne da ya kamata a ce ana rububinsa. Amma yau shekara biyu ke nan ko akuya ba ta yarda ta kwana a ciki. Labarinsa kowa da irin yadda yake bayarwa. Wanda zan faɗa muku shi ne wanda mai gidan ya faɗa da bakinsa, tun hankalinsa bai gama barinsa ba.

Sunansa Malam Badaru, malamin Hausa ne a wata sakandare. Mutum ne mai tsabta, mai son karatu, ba ya rigima da kowa. Ciwonsa ɗaya ne: albashi ba ya kai shi ashirin ga wata. Da an tashi daga makaranta sai ya zauna gindin darbejiya yana kallon masu bayanin harkar gidajen haya a wayarsa. Duk maganarsu ɗaya ce, wai mai farawa kada ya tinkari babban gini, ya nemi ƙaramin gida mai ɗaki uku ko huɗu, 'yan haya su riƙa biyansa har ya sayi na biyu. Badaru ya haddace wannan karatu kamar zai rubuta jarrabawa a kansa. Abin da ba su faɗa ba shi ne inda malamin makaranta zai samo kuɗin gidan farko.

Ana nan sai wani dillali mai suna Maikuɗi ya tare shi a bakin kasuwa.

"Malam, gidan da kake mafarki ya faɗo. Na magada ne, so suke su raba kowa ya kama gabansa. Miliyan takwas. Wallahi ko a Rogo ba ka samun wannan."

Badaru ya je ya duba. Ya ƙwanƙwasa bango, ya leƙa rijiya, ya tambayi maƙwabta ko ruwa yana kwanciya da damina. Komai lafiya. Da ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa Zaituna, wadda suka shekara shida Allah bai ba su haihuwa ba, ta zauna ta saurare shi har ya gama. Washegari ta aika aka sayar da saniyarta da ɗan kunnenta na gwal, ta haɗa da adashin da ta ɗauka, ta miƙa masa dubu ɗari takwas a ƙulle cikin ɗankwali.

"Ga shi, Malam, ka ba su kafin alƙalami. In Allah bai ba mu 'ya'ya ba, ko 'ya'yan 'yan haya ma riƙa jin hayaniyarsu."

Magada suka karɓa, suka ba shi kwana arba'in ya cika. In bai cika ba, abin da ya bayar ya tafi.

Ya fara da banki. Suka ce su takardar gwamnati suka sani, ba ta mai unguwa ba, kuma da kuɗin ruwa a kai. Badaru ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce shi ba zai gina arzikinsa a kan haram ba. Ku riƙe wannan magana tasa. Ƙungiyar malamai ta ce iyakar rancenta dubu ɗari biyar. Ya hau babur ya tafi Gwangwan wajen wansa Isyaku, ya roƙe shi su sayar da gonar gado. Isyaku ko ɗagowa daga tsinkar gyaɗa bai yi ba.

"Gonar Baba ce za ta koma ɗakin haya? Tashi ka sha ruwa ka tafi, ɗan boko."

Kwana talatin da uku suka wuce. Kullum Zaituna ta kawo masa abinci sai ya ga kunnenta babu komai, sai tsinke da ta sa don kada hujin ya toshe. Ranar nan Maikuɗi ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Akwai wani tsoho gaba da Gwangwan. Ni ban ce ka je ba. Amma in za ka je, ka ɗebi ƙasar bakin ƙofar gidan ka tafi da ita."

Ya je. Da rana tsaka ya je, yana gaya wa kansa ai kallo kawai zai yi. Ya bar babur a bakin rafi, ya taka cikin dawa har ya isa wani kufai inda gari ya taɓa zama. A tsakiyar kufan akwai wani katon rumbu da aka fasa wa ƙofa a gindi. Sai da ya durƙusa ya shiga.

Da idonsa ya saba da duhun, sai ya ga kwaɗuna. Kwaɗon ƙofa ne, ɗaruruwa, an zarga su a igiya tun daga ƙasa har sama, wasu sun yi tsatsa, wasu sababbi fil, kowanne a kulle, kuma babu mabuɗi ko ɗaya a wurin. Babu iska, amma suna taɓa juna a hankali suna ƙara. A gefe wata baƙar kaza tana kwance kan ƙwai, ba ta ƙifta ido. Wurin yana wani ƙarni mai ɗumi da Badaru bai gane ba a lokacin.

Bokan, Barau ake kiransa, bai yi kama da abin da Badaru ya zata ba. Ɗan ƙaramin tsoho ne da farar riga wankakkiya, yana ɓare gyaɗa yana ci kamar mai jiran mota.

"Sannu da zuwa, malamin Hausa. Saura kwana bakwai, ko?"

Badaru ya zauna a ƙasa gabansa. Ya daure ya ce, "Baba, tun kafin mu yi nisa, ni ba na ba da jini. Ba uwata, ba matata, ba ɗan'uwana."

Barau ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi.

"Wa ya tambaye ka uwarka? Mu ma masauki muke nema, kamar kowa. Gidan yaya yake?"

"Ciki da falo ne, guda huɗu."

"Madalla. To mu raba. Falo naka, ciki nawa."

Badaru ya ƙirga da yatsu. Ya ce, "Ɗakunan ciki duka huɗun? To me zan ba 'yan haya?"

"Kwaɗo ɗaya zan ba ka. Ka zaɓi ɗakin ciki ɗaya ka kulle, shaida ce kawai. Sauran ka zuba mutane, ka ci kuɗinka."

"Ɗaki ɗaya ke nan farashin?"

"Na faɗi abin da na faɗa. Kai ne malamin Hausa, ba ni ba."

A nan ne wurin da Badaru ya fi yin kuka duk lokacin da ya zo ba da labarin. Domin a makon nan ma ya tsaya gaban allo ya koya wa 'yan aji biyu kalmomi masu ma'ana fiye da ɗaya. Da hannunsa ya rubuta musu misali: ciki na ɗaki, ciki na abinci, ciki na mace. Tambayar ta taso masa har maƙogwaro: wane ciki? Ya ji ta sarai. Sai ya tuna kwana bakwai, ya tuna tsinken kunnen Zaituna, ya haɗiye ta.

Barau ya karɓi ƙasar ya zuba a ƙwarya. Ya tsinko sabon kwaɗo ya ɗora a kai. Sannan ya cusa hannu ƙarƙashin baƙar kazar ya zaro ƙwai ɗaya, ya fasa shi a kan kwaɗon. Ba gwaiduwa ce ta zubo ba. Ɗan tsako ne da bai gama zama ba, jajir, yana motsa baki babu sauti. Badaru ya kawar da kai.

"Kalla nan. Ka ce sau uku: falo nawa, ciki naka."

Ya faɗa sau uku. A na ukun kwaɗon ya buɗe da kansa, ɗan tsakon ya daina motsi.

Da ya koma gari ya karɓi mabuɗan gidan wajen Maikuɗi da sunan zai sake dubawa, ya saƙala kwaɗon a ɗakin ciki na ƙofar ƙarshe. Bayan kwana uku ya tarar da buhun taki jingine da ƙofar, cike da kuɗi. Takardun da ɗumi, da danshi, da ƙarnin nan na rumbu. Ya shanya su a falo kamar kuka, ya biya magada, aka yi takarda gaban mai unguwa. Ya ce wa Zaituna wani tsohon abokinsa ne a Kano ya ranta masa.

Daga nan abu ya buɗe. Ɗakuna suka cika cikin mako guda, har ƙofar ƙarshe da ya bayar falo kawai a rabin kuɗi. Duk abin da ya taɓa sai ya ninka. Kafin shekara ya sayi gida na biyu a Rogo, ya sayi na uku a Yola ta nan Karaye, ya sauya babur da mota. Ya saya wa Zaituna ɗan kunne da sarƙa. Mutane suka fara ce masa Alhaji tun bai je ba.

Na farkon da suka kama ɗaki su ne Lukumanu tela da amaryarsa Sadiƙa, yarinya mai fara'a da ke ce wa Zaituna Yaya. Cikinta na wata biyar ya zube ranar wata Talata, tana tsaye tana shanya. Zaituna ta dama kunun kanwa ta kai mata. Badaru ya ce ƙaddara ce. Bayan wata biyu matar ma'aikacin asibiti da ke ƙofa ta biyu ta yi ɓari. Sai wata a gidan Rogo. Sai Sadiƙa kuma.

Wata rana Hajo ungozoma, tsohuwar da ta yanke wa rabin unguwar cibiya, ta tare motarsa da sandarta.

"Badaru, sauke gilashin nan. Ni fa ina lura. Tun da ka sayi gidan nan ba a taɓa yin suna a cikinsa ba."

"Wataƙila ruwan rijiyar ne, Iya."

"Rijiyar da na sha tun ina budurwa? To, Allah ya sa ruwan ne."

Ya sa aka yashe rijiyar. Ya haƙa burtsatse. Ya yafe wa Lukumanu hayar wata shida, ya kai masa sukari da madara, ya zauna a kan tabarmarsa yana cewa Allah ya mayar da alheri, Lukumanu yana ta godiya har da hawaye. Sau ɗaya ya gwada gyarawa: da ɗaki biyu suka fita, ya ba gwagware. A watan nan katangar gidan Rogo ta faɗi, motarsa ta ƙone a hanyar Kano. Ya gane saƙon. Ya kira Maikuɗi ya ce masa, "Daga yau masu aure kawai za ka kawo min. Sun fi kula da gida." Kowane mai gidan haya haka yake cewa, don haka babu wanda ya ji wani abu a maganar. Shi kaɗai ya san abin da ya faɗa.

Ɓarin Sadiƙa na uku ne ya tafi da hankalinta. Ta daina magana da kowa, sai ta je ta kafa kunne a jikin ƙofar nan mai kwaɗo, ta wuni a tsaye. Ranar da Badaru ya shigo duba famfo, ta riƙe masa gefen riga.

"Baba mai gida, buɗe min. Suna ciki. Ka ji na tsakiyan nan mai shessheƙa? Nawa ne. Ba su ci komai ba."

Aka ɓamɓare hannunta, danginta suka tafi da ita ƙauye. Ɓarinta na ƙarshen nan shi ne na bakwai a lissafin da Badaru yake yi a ransa, wanda bai taɓa rubutawa ko'ina ba.

A wannan shekarar, bayan shekara tara da aure, Zaituna ta samu ciki.

Ta faɗa masa tana dariya tana kuka. Shi kuwa ya fita bayan gida ya yi amai. Sai a ranar matan nan da suka yi ɓari suka zama mutane a idonsa. Ya hana Zaituna taka ko ɗaya daga cikin gidajen, ya bi 'yan haya ɗaya bayan ɗaya ya mayar musu da kuɗinsu, ya ce gyara zai yi. Cikin wata biyu gidaje uku suka zama wayam. Ya ce a ransa shi ke nan, ya tuba, an rabu.

Cikin na wata bakwai ciwon mara ya fara. A asibiti suka duba suka ce ba su ga komai ba. Ya cika jaka da kuɗi ya koma kufai.

Barau yana nan yadda ya bar shi, da gyaɗarsa.

"Baba, ga kuɗinku, har da ƙari. A warware."

"Kuɗi muka ce da kai?"

"Matata ba 'yar haya ba ce! Ba ta taɓa kwana a gidan ba!"

"Malam, kai ne ka karanta harkar nan. Gida ya zauna babu ɗan haya, asarar a kan wa take?"

Badaru ya dubi jakar kuɗin. A hankali ya ce, "Mai gida."

"To, ka gani. Amma ba mu da tsanani. Kafin kasuwar Karaye ta sake ci, ka sa mai ciki a gidan, ko kwana ɗaya ta yi. Taka ta sauka lafiya."

Ranar kasuwa da hantsi Maikuɗi ya kira shi, ya ce ga wani sabon malami an turo shi garin, yana neman ɗaki ido rufe. Badaru ya same su a ƙofar koren gidan. Saurayi ne mai suna Zaharaddini, da matarsa Halima Sadiya, ta dafa ƙugu da hannu ɗaya, cikinta haihuwa yau ko gobe. Ta gaji, ta zauna kan dakali tana fifita da gefen hijabi.

Badaru ya zaro mabuɗi. Ya miƙa wa saurayin. Zaharaddini ya karɓa.

"Allah ya saka da alheri, Baba," in ji Halima Sadiya. "Kwana uku muna yawo. In na sauka lafiya a nan za mu yi suna, kuma kai za ka yi wa jaririn huɗuba, tun da ba mu da kowa a garin nan."

Ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka dokin ƙofa.

Badaru bai san lokacin da ya yi kukan kura ya tare ƙofar da jikinsa ba. Ya fizge mabuɗin ya wurga cikin kwata.

"Kada ki shiga! Don Allah 'yata, kada ki shiga! Gidan nan cin ciki yake! Ni na sayar, da bakina, sau uku!"

'Yan kasuwa suka taru. A gabansu ya faɗi komai, rumbu da kwaɗo da ɗan tsako. Maikuɗi ya sulale ya ɓace. Lukumanu tela yana cikin taron da almakashi a hannu. Mutane suka riƙe shi, amma bai ko yunƙura ba. Cewa kawai ya yi, "Sukarin da ka kawo min, Malam, na sha shi."

Da Badaru ya isa gida ya tarar da Hajo durƙushe kan Zaituna, zannuwa sun jiƙe. Labari ya riga shi zuwa. Zaituna ta juyo da kai ta dube shi.

"Malam, ɓari nawa aka yi?"

"Bakwai."

"Bakwai." Ta lumshe ido. "Duk ni na dama musu kunu. Da kuɗin saniyata aka fara." Sannan ta ce, "Yarinyar ta yau, ta shiga?"

"Ba ta shiga ba."

"To, alhamdu lillahi."

Ba ta sake ce masa komai ba. A mota ta cika, kafin su kai asibiti, ita da abin da ke cikinta.

Bayan sadakar uku ya ɗauki guduma ya je ya fasa kwaɗon. Ɗakin babu kowa, babu ƙura, sai ƙarnin nan. A tsakiyar ɗaki an jera zannuwan goyo a ninke, guda takwas. Na ƙarshen wata shuɗiyar atamfa ce da Zaituna ta saya ta ɓoye a ƙasan akwati, tana jiran ranar suna.

Gidan Rogo ya rushe da damina. Na Yola ya ƙone. Wannan na bayan kasuwa an sa shi a kasuwa har an gaji, ko kyauta babu mai so. Halima Sadiya ta haifi ɗanta namiji a wata unguwa, kuma ba ta taɓa biyowa ta layin ba. Badaru kuwa yana nan kan dakalin, riga ɗaya, da shuɗiyar atamfa a kafaɗa. Isyaku yakan zo ya tafi da shi Gwangwan, kwana biyu ya dawo da ƙafa.

Ku da kuke neman gidan farko, ku nema, ba laifi ba ne. Ku yi adashi, ku haɗa hannu da 'yan'uwa, ku fara da ɗaki ɗaya, ku jira ko shekara goma ce. In kafin alƙalami zai nutse, ya nutse. Saniya ce da ɗan kunne, ana sake samu. Amma ku ji tsoron Allah, ku ji tsoron kuɗin da ba a faɗa muku farashinsa ɓaro-ɓaro ba. Kada wani ya ce yaudarar Badaru aka yi. Ya ji tambayar a maƙogwaronsa, ya san amsarta, kwaɗayi ya sa ya haɗiye, ciki takwas suka biya.

Har yau in baƙo ya tsaya a ƙofar ya tambaya ko akwai ɗakin haya, Badaru yakan miƙe da ladabi, ya tare ƙofar da hannu biyu, ya ce:

"Falo ne kawai, ɗan'uwa. Ciki na riga na sayar."